Tukunyar Matar Magini

Goggo mace ce da ta tsaya da ƙafafunta, ta raini 'ya'ya huɗu da guminta, kuma har ta tsufa ba ta taɓa neman komai a hannun ɗan Adam ba. Haka ɗan autanta yake faɗa duk inda aka taru. Ni ma na yarda da hakan, muddin za a cire gishiri da ashana da allura da rariya da wuƙa, da kuma tukunyar matar magini.

A gidan haya muke zaune, irin mai ɗakuna a jere da suka kewaye tsakar gida. Famfo ɗaya ne, igiyar shanya biyu, sai banɗakin da sakatarsa ta karye tun kafin mu tare, wanda ya shiga sai ya riƙa tari. Ni koyarwa nake yi. Ɗakina yana jikin na Goggo, kuma bangon da ke tsakaninmu bai taɓa ɓoye wa kowa komai ba.

Ba goggon kowa ba ce a gidan, amma kowa haka yake kiranta, har mai gidan da ya girme ta. Yara kuwa, in ta ba da baya, Goggo Ara-mini suke cewa. Ta san da sunan. Wani lokaci ma takan manta ta amsa.

Mijinta ya rasu yaran suna ƙanana. Ta samu aikin girki a wata makarantar kwana, inda ta ƙarar da ƙuruciyarta a gaban tukwanen da mutum zai iya shiga ya zauna. Daga can ta fito da ciwon gwiwa, da hannun da bai san awon cikin mutum ɗaya ba. Ta kuma fito da abin alfaharinta guda: duk tsawon aikin nan ba ta taɓa ƙona abinci ba. Wannan ba ta wasa da shi. In ta jiyo ƙauri daga wani ɗaki, sai ta ɗaga hanci ta ce, "Wata tana can tana hira."

'Ya'yan sun girma, kowa ya kama gabansa. Auta, wanda ke aiki a wani kantin magani a cikin gari, shi ke kawo mata kayan abinci duk ƙarshen wata. Ya sha roƙonta ta koma gidansa. Ta ce gidan nasa ya cika shiru, ko faɗa ba a yi.

Kowa ya san ba rashi ke sa ta aro ba. Matata ce ta fara lura cewa aron nata yana da hanyar da yake bi. Goggo ba ta taɓa zuwa ƙofar mai shago ba, mai firji da fanka biyu. Ba ta taɓa zuwa tawa ƙofar ba, abin da ya ɗan sosa mini rai, don ina da wuƙa mai kyau. Ɗakunan ƙarshe take nufa, na kusa da kwata, inda haya ta fi sauƙi. Akwai wani tsohon maigadi a can da ba shi da komai a duniya sai tabarma da buta da wata 'yar wuƙa. Goggo ta ce duk gidan babu mai yanka albasa kamar tasa. Daga ranar tsohon ya riƙa fitowa bakin ƙofa da safe yana wasa wuƙar nan, yana amsa gaisuwa da ka kamar mai babban kanti.

Ɗakin da ya fi kowanne kusa da kwata, na magini ne da matarsa da tagwayensu mata. Dogon mutum ne mai ƙarancin magana, wanda in ya shigo gidan sai ya dubi bango ya girgiza kai. Matarsa irin matan nan ne da ke goge zane ko da ba inda za su. Wata rana katakon da yake tsaye a kai ya karye a wurin gini, ya faɗo, ya karye a ƙugu. A kwance aka kawo shi. Likita ya ce zai tashi, amma ba yanzu ba.

Da farko abokan aikinsa suna zuwa da 'yar leda a hannu. Daga baya suka riƙa zuwa hannu rabbana, daga bisani kuma suka riƙa aiko da gaisuwa. Radiyo ya fita daga ɗakin a naɗe cikin zane. Kujera ta bi shi.

Amma kullum da rana matar magini sai ta fito da murhunta bakin ƙofa, ta hura gawayi, ta ɗora ƙaramar tukunya, ta rufe, ta zauna tana fifita. Tururi yana tashi. Ƙamshi ne dai ba ya tashi. A gidan da mutum ke sanin abin da maƙwabcinsa ya soya tun daga bakin titi, ba a daɗe ba kowa ya gane ruwa take dafawa. Babu wanda ya nuna ya gane.

Matar mai gida mace ce mai kirki, kuma tana son a san haka. Ta zo da rana tsaka, tsakar gida cike da masu wanki, ɗan dako na biye da ita da rabin buhu a ka. Tun daga ƙofar gida ta fara kira.

"Ina matar mara lafiyan nan? Fito, 'yar nan. Na ji halin da kuke ciki, wallahi abin ya tsaya mini a rai. Ga wannan ku rage zafi."

Matar magini ta fito, ta durƙusa ta gaishe ta yadda ya kamata.

"Allah ya saka da alheri, Hajiya. Amma mu alhamdu lillahi, yanzu ma na sauke. Da za a kai wa masu buƙata."

"Haba, wa zai ga laifinki? Ai kowa ya san ba ku da shi."

Wannan kalmar ce ta ƙarasa aikin.

"Muna da shi, Hajiya," in ji matar magini.

Buhu ya koma yadda ya zo. Tagwayen suna bayan labule, suna bin sa da kallo har ya fita. Goggo kuwa tana bakin famfo, kofi ɗaya take ta wankewa tun da aka fara maganar.

Washegari ta tsallaka tsakar gida tana ɗingishi.

"Maman 'yan biyu, kina ciki? Taimaka mini da babbar tukunyar nan taki."

Tukunya ce babba, baƙa, mai hannu biyu, tun ta auren matar magini, wadda ke kife a bayan ƙofa.

"Goggo, ai tukunyar nan..."

"Na san ta. Na gan ta tun ranar da kuka tare. Nawa duk 'yan mitsi-mitsi ne, ko kyanwa ba za a yi wa wanka a ciki ba. In ba za ki ba ni ba ki faɗa, in tafi da kunyata."

Matar magini ta ƙare mata kallo. Sannan ta shiga ta ɗauko. Goggo ta rungume tukunyar a cikinta ta tafi.

A bayan ɗakinta akwai ɗan kicin na kwano da Auta ya sa aka yi mata. Nan ta shiga ta ja ƙofa, don ita ba ta girki a idon jama'a. Ta daɗe. Can da yamma ta fito da tukunyar, ta naɗe gindinta da tsumma, tana mita yadda duk gidan zai ji.

"Wannan hannu nawa shi zai kashe ni. Ni kaɗai, na zuba shinkafa kamar ina ciyar da makaranta. Maman 'yan biyu, ga tukunyarki. Ba ni da inda zan juye sauran, ki ba kaji."

"Ba mu da kaji, Goggo."

"To, wannan kuma ke ta shafa. Ni dai na dawo da kayan mutane."

Ta dire ta a bakin ƙofa ta juya. Can sai aka ji ƙarar cokula daga ɗakin ƙarshe.

Da safe matar magini ta fito tsakar gida, ta riƙe ƙugu.

"Goggo, wa ya koya miki mayar da tukunya ba wanki? Jiya sai da na yi ta fama da ita."

"Yi haƙuri, 'yar nan, tsufa ne."

"Komai tsufa."

Da wannan aka ƙulla yarjejeniya, ba tare da kowa ya ambaci sunanta ba. Yau shinkafa da wake, gobe taliya, jibi dankali. Hannun Goggo bai gyaru ba, mitar matar magini ma ba ta ragu ba. Matata, wadda ba abin da ke wuce ta, ta ce abu ɗaya ne ke ba ta mamaki: duk gwanintar Goggo, ba ta taɓa yin abu mai romo a tukunyar nan ba. Na ce ƙila likita ne ya hana ta.

Tagwayen suka mayar da kumatu, suka koma tsalle-tsallensu a ƙarƙashin shanyar mutane. Matar magini kuma ta samu abin faɗa in mata sun taru a bakin famfo.

"Tsohuwar nan ta dame ni. Amma ya zan yi? Maƙwabciya ce."

Matan su ce, gaskiya kina haƙuri. Kowaccensu tana da hanci, amma ba wadda ta taɓa yin ko murmushi.

Labarin ya kai kunnen Auta ta bakin mai shago, wanda ya gaya masa cikin raha cewa har suna yara suka sa wa uwarsa. A nan dole a yi wa Auta adalci. Ya taso ne a lokacin da aron uwarsa na gaske ne. Ya ga an bar ta tsaye a ƙofar dangi, an ce ta jira a gama cin abinci. Ya ga an miƙo mata abu ana cewa wannan shi ne na ƙarshe, kuma ya ga ta yi godiya. Tun a lokacin ya yi wa kansa alkawarin cewa in Allah ya ba shi iko, uwarsa ba za ta ƙara tsayawa a ƙofar kowa ba. Yanzu ga shi yana da iko, ga ta tana tsayawa.

Ranar hutu ya zo da motar ɗaukar kaya. Aka sauke rariya, da wuƙaƙe, da katan na ashana, da gishirin da zai ishi gidan har jikoki. Daga ƙarshe aka sauko da tukunya sabuwa fil, mai ƙyalli, wadda ta fi ta matar magini girma. Auta ya bi ɗaki-ɗaki yana godiya, domin yaro ne mai ladabi. A ƙofar ƙarshe ya rusuna.

"Yaya, na ji irin ɗawainiyar da kike yi da tsohuwarmu. Allah ya bar zumunci. Daga yau in Allah ya yarda ba za ta ƙara damunku ba."

"Ai ba damuwa," in ji matar magini. "Madalla. Allah ya yi albarka."

Muryarta ko rawa ba ta yi ba.

Goggo ta zagaya sabuwar tukunyar, ta ƙwanƙwasa ta, ta ga fuskarta a jiki. "Ka kyauta," ta ce, kamar mai karɓar sakamakon asibiti.

Tsohon maigadi ya daina wasa wuƙa. Murhu ya dawo bakin ƙofar ƙarshe, da ƙaramar tukunya da tururinta mara ƙamshi. Goggo ta gwada aika wa matar magini kwano a rufe ta hannun matata. Ya dawo a rufe, tare da godiya mai yawa. Tagwayen suka rage tsalle, suka koma zama a bakin ƙofa suna kallon masu wucewa.

Matata ta kasa haƙuri, ta same ta a ɗaki.

"Goggo, ki gaya wa Auta gaskiya mana."

"In gaya masa? Gobe zai zo da buhu, ya yi hon a ƙofar gida. Yaron kirki ne, shi ya sa nake tsoronsa."

"To, ki ce an sace sabuwar."

"A gidan nan? Wa za a fara zargi, in ba na ɗakin ƙarshe ba?"

Matata ta dawo a sanyaye, abin da ban saba gani ba. Goggo kuwa a kwanakin nan ko ƙauri ta ji ba ta tankawa.

Da wata ranar hutun ta zagayo, Auta ya zo cin abincin rana, don ya ga amfanin kayansa. Goggo ta yi abin da ba ta taɓa yi ba: ta fito da murhu tsakar gida. Ta cika shi da gawayi, ta ɗora sabuwar tukunya, ta zuba shinkafa, ta rufe. Sannan ta zauna a kujera 'yar tsugunne ta kama ba Auta labarin wata mata da ba wanda ya san ta.

Ƙauri ya fara. Matata ta leƙo ta ce, "Goggo, kamar dai..." Goggo ta yi mata wani kallo, ta koma ciki. Daga inda nake zaune ina ganin hannun tsohuwar yana motsi a kan gwiwarta, yana son kaiwa ga murfi, tana danne shi da ɗayan. Labarin matar nan kuwa sai ƙara tsawo yake. Da hayaƙi ya turnuƙe shanyar mutane, matar mai shago ta ce, ba da ƙarfi ba, amma yadda za a ji:

"Allah sarki, tsufa. Wata tana nan tana hira."

Goggo ta ji. Na ga wuyanta ya sandare. Ta miƙe a hankali, ta buɗe tukunyar, ta kaɗa hayaƙin da hannu.

"Ka gani ko? Gwangwanin madara ka sayo mini."

"Inna, mai kantin ya ce duk kasuwa babu kamarta."

"Shi yake girki da ita?"

Auta ya ɗebi ta saman ya fara ci, domin kamar yadda na faɗa, yaro ne mai ladabi. Goggo ta goge hannu a zane, ta tsallaka tsakar gida.

"Maman 'yan biyu. Na dawo."

Matar magini ta ɗaga labule. Ta dubi Goggo, ta dubi hayaƙin, ta dubi Auta da ya biyo uwarsa da cokali a hannu. Nan take kowa a gidan ya samu aikin yi a tsakar gida.

"Sai dai ki yi haƙuri, Goggo. Yau ina amfani da ita."

Na ɗauka shi ke nan, magana ta ƙare. Ga ta ta rame, ga tagwaye sun riƙe mata zane, kuma ta ce a'a. Amma ban taɓa ganin wanda aka hana abu fuskarsa ta yi haske kamar ta Goggo ba. Ta yi maza ta ɓata rai.

"Haba, 'yar nan. Don na yi sabuwa kwana biyu shi ne za ki juya mini baya?"

"Ke da aka ce kin daina damun mutane."

"Yaro ne ya faɗa. Yaro ya san tukunya?"

"Kuma ba kya wankewa."

"Zan gyara."

"Haka kika ce wancan karon."

Sai aka ji murya daga cikin ɗaki, muryar da tun ranar faɗuwar ba a ƙara jin ta a tsakar gida ba.

"Ke, ba ta mana," in ji magini. "Tsohuwa ce. A riƙa tausaya wa mutane."

Matar magini ta saki labule ta shiga. Ta ɗan daɗe fiye da yadda ɗauko tukunya ke buƙata. Da ta fito idonta ya yi ja, ta ce hayaƙin Goggo ne.

"Albarkacinsa kika ci," ta ce.

Auta, wanda kunya ta gama rufe shi, ya matso. "Kawo, Yaya, in ɗaukar mata." Kafin uwarsa ta hana, har ya karɓa. Ya juya zai tafi, ya leƙa cikin tukunyar, sai ya tsaya. Ya dubi uwarsa. Ya dubi ƙaramar tukunyar da ke ta tafasa a kan murhu a bakin ƙofa. Goggo kuwa tana ta gyaran ɗankwalin da ba abin da ya same shi. Sai ya rungume tukunyar a cikinsa yadda uwarsa ke yi, da farar rigarsa da komai, ya kai ta kicin, ya ja ƙofa.

Da zai tafi na ji yana gaya wa mai shago, "An cuce ni a tukunyar nan. Ba ƙarfen kirki ba ne."

Daga wannan watan kayan abincin da yake kawowa suka ƙaru. Ya ce tsohuwa ta fara ɓarna, ba yadda zai yi. Sabuwar tukunya ta koma wurin tara ruwa in famfo ya ɗauke, kuma a wannan aikin ba ta taɓa ba kowa kunya ba. Wuƙaƙen da ya sayo, ban san me ya same su ba, duk suka dakushe tare. Tsohon maigadi ya koma bakin aikinsa.

Abu ɗaya ne bai koma ba. Sunan ƙona abinci ya manne wa Goggo. In an ji ƙauri a gidan, ko daga wane ɗaki ne, sai wani ya ce, "A leƙa Goggo." Matar da ta ciyar da makaranta guda ba ta taɓa ƙona ko ƙwaya ba, ta zauna tana jin wannan daga bakin 'yan matan da ba su iya dafa ƙwai ba. Ba ta taɓa musawa ba. Ita ma kuma ba ta ƙara cewa wata tana hira ba.

Magini ya tashi, da sanda da farko, daga baya ba sanda. Bai ƙara hawa sama ba, amma ya samu aikin duba masu buga bulo, ya koma girgiza wa bango kai. Ƙamshi ya dawo ƙofar ƙarshe. Aron tukunya ya ragu da kansa har ya tsaya, ba wanda ya yi sanarwa. Da gwiwar Goggo ta ƙi gaba ɗaya, Auta ya ɗauke ta zuwa gidansa mai shiru. Matata ta je gaishe ta, ta dawo da labarin cewa har ta gano mai wankin unguwar yana da almakashin da babu irinsa a gari. Auta kuwa yana nan yana faɗa a taro cewa uwarsa ba ta taɓa neman komai a hannun kowa ba, sai dai yanzu in ya faɗa yakan sosa ƙeya.

Kwanan baya na ga tukunyar a jikin bango kusa da ƙofar ƙarshe, cike da ƙasa, barkono ya fito a ciki har ya fara ja. Matar magini tana zuba masa ruwa, ruwan yana tsiyaya ta ƙasa yana bin hanyar kwata. Na tsaya na ce, a gaskiya abin takaici ne a huda tukunya irin wannan saboda barkono, tukunyar da ta riƙe gida guda, wadda ya kamata a adana ta jikoki su gani.

Ta ajiye butar ta dube ni.

"Malam, wa ya huda? A huje take tun kafin maigidan ya faɗo. Faranti Goggo take sawa a ƙasa, kada shinkafar ta zube a hanya."